Baƙin Mai A Bakin Salansa

Ya ku 'yan'uwana manoma da masunta na ƙasar Kirikasamma, kun sani kakanninmu da jigo su ke ban-ruwa. Mutum ya wuni yana ja yana juyewa, da ƙyar ya shayar da 'yar garka ɗaya. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai zuwan ruwa a kogin Haɗeja ya sake kama, noman rani kuwa ya ƙara ƙarfi. Tun cikin shekarun 1980 ƙananan injunan ban-ruwa suka fara yaɗuwa cikin fadamu. Yanzu in ka bi ta Marma ko Turabu ko Baturiya da rani, ko'ina sai ƙugin inji ka ke ji.

Inji bawa ne mai biyayya, amma ba ya magana. In ciwo ya kama shi, da alama ya ke faɗa. Ɗaya daga cikin alamun nan ita ce ka ga baƙin mai yana tsiyaya daga bakin salansa, watau bututun da hayaƙi ke fita. A kan wannan alama za mu yi karatu yau.

Labarin wani dattijo

Ran nan, cikin sanyin hunturu, wani dattijo ɗan ajinmu ya zo makaranta ransa a ɓace. Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, Malam. Injina yana aman mai, hayaƙi kamar an sa wa bola wuta. Na kai wa wani bakanike, ko buɗewa bai yi ba ya ce zobba sun mutu, sai na kawo kuɗi mai yawa. Ni kuwa ba ni da su sai na sayar da akuya. Ga tattasaina yana fure, kwana uku ke nan bai sha ruwa ba."

Na ce, "Baba, kada ka sayar da akuya tukuna. Gobe da sassafe mu je garkar tare."

Da muka je, sai na tarar an girke injin a gangaren gaɓa, ya karkace kamar tukunyar da aka zare wa murhu ɗaya. Muka ɗauke shi muka aza a kan wani katako, ya zauna daidai. Na kwance murfin baƙin mai. Kafin in gama kwancewa, mai ya fara malalowa waje. Ashe ɗansa ne ya kishingiɗar da injin ya ɗura masa mai har ya ƙoshi, wai don ya daɗe bai ƙare ba.

Muka tara kwano, muka bar abin da ya yi yawa ya zube. Muka wanke fulogi, muka ta da inji. Ya yi hayaƙi kamar na minti goma sha biyar, sa'an nan hayaƙin ya ɗauke sarai. Tattasai ya sha ruwa, akuya kuwa tana nan a turkenta, har ta haihu.

Ruwa ba ya tsami banza. Man da ka gani a bakin salansa, mai ne wanda ya shiga inda wuta ke ci, ya kuwa fito bai ƙone ba. Aikinka shi ne ka gano ta inda ya bi. Ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo, kafin ka kai ga abin da ke cin akuya.

Inji iri biyu ne

Cikin kowane inji akwai wani ƙarfe da a ke kira fistan. Yana hawa yana sauka cikin silinda, kamar taɓarya cikin turmi. Fetur da iska su ke shiga, fulogi ya ƙyasta wuta, wutar ta tura fistan. A jikin fistan akwai zobba, su ne ke toshe tsakaninsa da bangon silinda. Baƙin mai kuma shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

Iri na fari shi ne mai bugu huɗu. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya ƙera irinsa a 1876. Wannan yana da ɗakin baƙin mai dabam a gindinsa, fetur kuwa tsantsa ya ke sha. Galibin injunan ban-ruwa na inci biyu da inci uku irinsa ne, haka kuma yawancin baburan yanzu. Irin wannan inji bai kamata a ga mai a salansarsa ba ko kaɗan.

Iri na biyu shi ne mai bugu biyu. Wani mutumin Sikotlan, Dugald Clerk, ya yi rajistar irinsa a 1881. Wannan ba shi da ɗakin baƙin mai. Cikin fetur a ke zuba masa mai, su shiga tare, su ƙone tare. Ƙaramin janareta irin Tiger, da injin feshi na goyo, da yawancin injunan kwalekwale, da waɗansu tsofaffin babura, duk irinsa ne. Wannan kam ɗan hayaƙi da ɗan danshi a bakin salansa al'adarsa ce. Amma in ya kai ga ɗiga ƙasa, to, akwai magana.

Yaya za ka gane wane iri ne naka? Duba gindinsa. In akwai murfin da a ke kwancewa a zuba baƙin mai, mai bugu huɗu ne. In babu, mai bugu biyu ne. A jikin gorar mai kuma za ka ga an rubuta 4T ko 2T. Lambar ita ce ke gaya maka ko na wane inji ne.

Kada ku yi tsammani mu kaɗai ke fama da wannan. Can a ƙasar Kanada, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, akwai wani abin hawa mai kama da babur, ba shi da taya, sulɓi ya ke yi a kan ƙanƙara. Wani mutum, Joseph-Armand Bombardier, ya fara sayar da irinsa a 1959 da sunan Ski-Doo. Da yawa daga cikinsu injin bugu biyu gare su, masu su kuwa kukansu ɗaya da namu: mai yana ɗiga daga salansa. Su sanyi ke hana man ƙonewa. Mu nan ƙura da rashin awo su ne manyan abokan gāba.

Aikin fari: shafe ka duba

Ko wane iri ne injinka, kashe shi, ka bari ya huce. Sami tsumma ka goge shi tas. Sa'an nan ka tashe shi, ka tsaya ka duba.

Wani lokaci man ba daga cikin salansa ya ke fitowa ba. Daga wani murfi na sama ya ke yoyo, ya zuba a kan salansa mai zafi, ya yi hayaƙi. In haka ne, ƙara ɗaure noti ko sake gaskit ya isa.

Duba launin hayaƙi kuma. Hayaƙi shuɗi-shuɗi mai ƙauri, baƙin mai ne ke ƙonewa. Hayaƙi baƙi ƙirin, fetur ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Ɗan farin tururi da sanyin safiya, wanda ke ɓacewa da inji ya ɗumama, wannan ba ciwo ba ne.

In injinka mai bugu huɗu ne

Bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake.

1. Zama. Inji ya zauna daidai a kan katako ko ƙasa shimfiɗaɗɗiya. In ya karkace, mai ya kan taru gefe guda, ya haura inda bai kamata ba. Wani gefen kuma ya rasa mai.

2. Ɗauka. Tuna yadda aka kawo shi daga gida. In an kwantar da shi a bayan babur ko cikin amalanke, mai ya kan gangara cikin silinda da salansa. Wannan ba ya bukatar bakanike. Cire fulogi, ka ja igiya sau da yawa, ka goge fulogin ka mayar. Hayaƙin zai ɗauke da kansa. Nan gaba a ɗauki inji a tsaye, kamar yadda a ke ɗaukar tulu.

3. Yawan mai. Inji yana zaune daidai, a kashe, ka kwance murfin. Mai ya tsaya a leɓen ramin, kada ya malalo. Injin Honda GX160, da masu kama da shi, ba ya cin fiye da rabin lita da ɗan ɗori, watau kamar lita 0.6. In sai ka karkata inji kafin mai ya shiga, to, ya riga ya ƙoshi.

4. Sansana man. In ka ji warin fetur, man kuma ya tsinke kamar ruwa, fetur ne ke zurarowa daga kafireto yana gauraya da shi. Abin da ke kawo wannan, barin makunnin fetur a buɗe sa'ad da a ke tafiya da inji, ko kuwa datti ya hana allurar kafireto rufewa. Juye man duka, ka zuba sabo, a wanke kafireto. Kullum in ka gama aiki, rufe makunnin fetur.

5. Soson tace iska. Buɗe ka duba. In ƙurar hunturu ta toshe shi, wanke shi da ruwa da sabulu, ka shanya ya bushe sarai. Ɗiga masa mai kaɗan, ka matse da hannu har ya daina fita. Soson da aka jiƙa sharkaf da mai, shi kansa ya kan sa hayaƙi. Amma fa kada ka yar da soson ka bar inji yana shaƙar ƙura. Ƙura ita ce ke cinye zobba, kamar yadda dutsen wāshi ke cin wuƙa.

In ka gyara biyar ɗin nan, inji ya yi aiki awa guda hayaƙi bai ɗauke ba, mai yana raguwa kullum, ruwan da ke fita a tiyo ya rage ƙarfi, igiya kuma ta yi sako-sako a hannu, to, yanzu ne a ke zancen zobba ko bawul. Yanzu ne za ka nemi bakanike.

In injinka mai bugu biyu ne

A nan yawancin laifi na hannun mai zubawa ne. Duba murfin tanki ko jikin inji, za ka ga waɗansu lambobi kamar haka: 50:1. Ma'anarsu, mudu hamsin na fetur, mudu ɗaya na mai. Ga lissafin:

Fetur lita 1, mai mililita 20.
Fetur lita 4, mai mililita 80.
Fetur lita 10, mai mililita 200.
Fetur lita 25, mai rabin lita.

In kuwa 25:1 aka rubuta, sai ka ninka man sau biyu. Abin da masu ƙera inji suka rubuta shi za ka bi, ba abin da maƙwabci ya ce ba.

Da me za ka auna? Je kantin magani ka sayi sabon sirinji mai lamba 20, ka cire allurar ka yar cikin masai. Cikinsa ɗaya ga kowace lita. In babu sirinji, cokalin shayi huɗu shi ne kusan mililita 20. Ka ajiye abin awon nan don inji kaɗai.

Wani saurayi mai cajin waya a kasuwa ya taɓa nuna mini yadda ya ke yi. Gwangwanin madara ɗaya ya ke juyewa cikin lita huɗu. Muka auna gwangwanin, ya ci kusan sirinji takwas. Huɗu kuwa ya kamata. Ashe ninki biyu ya ke zubawa, ga asarar kuɗin mai, ga sayen fulogi ba dare ba rana. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wa ke da kuɗin zubarwa?

Bayan awo, sai ka duba waɗannan:

1. Irin man. Mai lamba 2T an yi shi ne don ya ƙone tare da fetur. Baƙin man mota ba ya ƙonewa sosai. Ya kan bar gawayi cikin inji, saura ya fito ta salansa. Wanda aka juye daga wata mota kuwa, wannan guba ne.

2. Gaurayawa. Kada ka zuba mai kai tsaye cikin tanki. Zuba fetur kaɗan cikin jarka mai tsabta, ka sa man, ka girgiza, sa'an nan ka cika, ka sake girgizawa. Kada ka haɗa fiye da abin da za ka ƙarar cikin 'yan makonni. In ya daɗe, fetur ya kan tashi ya bi iska, ya bar mai a baya.

3. Cok. Wannan shi ne ɗan hannun da a ke rufewa don ta da inji da sanyi. Da inji ya kama, buɗe shi. In ka manta, inji zai yi ta haɗiyar abin da ya fi ƙarfinsa, ya amayar ta salansa.

4. Soson iska. Yadda aka faɗa a baya, haka nan ma.

5. Zaman banza. Mai ba ya ƙonewa sai da zafi. Janaretan da ke wuni yana kunna ƙwai ɗaya, ko injin kwalekwalen da ke tafiyar hawainiya cikin kacala, ba ya yin zafin da ya isa. Mai sai ya yi ta taruwa cikin salansa. Ba shi aiki sosai na rabin awa, za ka ga ya share maƙogwaronsa. Amma kada ka ɗora masa abin da ya wuce lambar da aka rubuta a jikinsa. Dutsen guga na lantarki ya fi ƙarfin ƙaramin janareta.

6. Salansa ta toshe. In ta cika da gawayi, inji ba ya samun numfashi. Bari ta huce, ka kwance ta, ka kai ta nesa da fetur da danni, ka aza a kan garwashi har ta daina hayaƙi. In ta huce, ka bubbuga gawayin ya zube. Ƙofar da hayaƙi ke fita a jikin silinda kuwa, da tsinken itace a ke kankare ta, ba da ƙusa ba.

Mai tsohon babur wanda ke da tankin 2T dabam, shi ba ya gauraya da hannu, akwai ɗan famfon da ke yi masa awo. In wayar famfon ta maƙale, ko an ɗaure ta ba daidai ba, mai zai yi yawa. A jikin famfon akwai zane biyu da a ke daidaitawa. In kuma man giya yana raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba, hayaƙi ya yi fari ya yi kauri, robar da ke tsare man giya ce ta lalace. Wannan aikin bakanike ne.

Masunta kuma ku lura. Hayaƙin injin kwalekwale ta cikin ruwa ya ke fita, saboda haka alamarku ita ce maiƙo mai launin bakan gizo a bayan jirgi. Ku riƙa duba farfela. Zaren koma ko na ƙugiya in ya naɗe a gindinta, ya kan yanke robar, man giya ya fita, ruwa ya shiga.

Fulogi ba ya ƙarya

In kana so ka san abin da ke cikin cikin inji, cire fulogi ka dubi bakinsa.

In launinsa ƙasa-ƙasa ne, kamar shayi da madara, lafiya lau.
In baƙi ne a jiƙe, yana maiƙo, baƙin mai ya yi yawa.
In baƙi ne busasshe, kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa ko iska ta kāsa.
In fari ne fat, tsaya nan take. Inji yana yin zafi fiye da kima, yana gab da lalacewa.

Gargaɗi huɗu

Na ɗaya, kuma shi ne babba. Kada ganin mai a salansa ya sa ka hana inji mai. Waɗansu su kan ce, tun da yana amai, bari a rage masa. Su rage har ya gaza awo. Mai in ya yi yawa, fulogi ya ke kashewa. In ya yi kaɗan, fistan ya ke kamawa da silinda, inji ya buga. Fulogi kuɗin goro ne, fistan da silinda kuɗin rago. Awo shi ne magani.

Na biyu. Cikin hayaƙin inji akwai wata iska mai kisa, ba ta da launi, ba ta da wari. Kada a kunna janareta cikin ɗaki, ko zaure, ko shago a rufe, ko kusa da tagar da mutane ke barci. In kana gwada inji, gwada shi a fili.

Na uku. Kada a zuba fetur inji yana aiki, kada a sha taba kusa da shi. Kada yara su taɓa salansa.

Na huɗu. Man da ka juye kada ka zuba shi a kogi ko a bakin rijiya. Ruwan nan shi mu ke sha, shi dabbobinmu ke sha, cikinsa kifinmu ke kwana, kifin da a ke kai wa kasuwar Haɗeja. Tara shi cikin galan mai murfi.

In za ka wurin bakanike

Kanikawa mutanen kirki ne, sana'arsu kuwa muna bukatarta. Amma mai zuwa da bayani ya fi mai zuwa da "ga shi nan, duba mini". Gaya masa launin hayaƙi, da kamannin fulogi, da abin da ka riga ka gwada. Ka tsaya a buɗe injin a gabanka. In an ce wani abu ya mutu, a nuna maka, a kuma ba ka tsohon ka tafi da shi. Matambayi ba ya ɓata.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Sabon injin ban-ruwa, juye masa mai bayan awa 20 na aikin fari, daga nan kuma duk bayan awa 100. In ƙura ta yi yawa, kada ka jira ta cika. Sami ɗan littafi, ka riƙa rubuta ranar da ka juye mai da awoyin da inji ya yi. Tun kaka ka gwada injinka, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, da rani mai amfani. Amin.

Tambayoyi

1. Yaya za ka bambanta inji mai bugu biyu da mai bugu huɗu?
2. Me ya sa injin dattijon nan ya yi aman mai?
3. An rubuta 50:1 a murfin tanki. Ka sayi fetur lita 6. Sirinji nawa na mai za ka zuba?
4. Fulogi ya fito fari fat. Me za ka yi?
5. Don me ba a kunna janareta cikin ɗaki?
6. Rubuta cikin littafinka abubuwa biyar da za ka duba kafin ka kai injin ban-ruwa wurin bakanike.